Numfashin da Na Koya Maka Riƙewa

Dakoro, ranar Talata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ka Yamai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na abin hawa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka sauka.

Na sa takardar a aljihun jakarka na gefe, tare da takardun lakol, wato na makarantarka, domin na san ba za ka buɗe wurin ba sai ka isa. Babu labari a cikinta. Duk abin da ke gidan nan ka gan shi da idonka kafin ka tashi. Magana ɗaya ce, wadda na yi niyyar faɗa maka baki da baki sau uku a watan nan, sau ukun kuma na ƙare da tambayarka ko ka kama wurin zama a mota.

Maganar ƙirjinka ce. Tun rasuwar mahaifiyarka, wata goma sha ɗaya ke nan, ina ganin kana kai hannu ƙasan wuyanka kana dannawa, kamar mai neman abin da ya maƙale. A makon jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ka fita daga aji sau biyu don iska ta ƙi isarka. Na kai ka wurin lokotoro a gidan likita, ya saurari ƙirjin, ya ɗauki hoto, ya ce huhu lafiya, zuciya lafiya. Ka ce mini shi ke nan, ba komai. Ni kuwa na san akwai komai, domin ina kallonka kana cin tuwo kafaɗunka na kusa da kunnuwanka, numfashinka na tsayawa a saman ƙirji, ba ya sauka ciki. A nan gida akwai mai lura da kai. A Yamai, cikin ɗalibai dubbai, babu wanda zai san yaron da ke zaune shiru a ƙarshen benci yana shaƙewa ne. Tsorona ke nan. Kuma na san ciwon sarai, don irin nawa ne, a wurina ka koye shi.

Shekara ashirin da takwas ina aikin likitan dabbobi. Abu na farko da nake yi in na tsaya gaban dabba, kafin in taɓa ta, shi ne in dubi haƙarƙarinta in ƙidaya numfashinta da agogo. Na ƙidaya na shanu, na raƙuma, na tumaki, tun daga Adjekoria har rijiyoyin arewa. Ban taɓa ƙidaya nawa ba. A ganina kamun kai shi ne mutum ya datse haƙora, ya ɗaure ciki, ya jira abin ya wuce; kuma mutane suna yabona a kan haka, suna cewa Likita ba a ganin fushinsa.

Wata shekara muna allurar rigakafi a yankin Tagriss, wata saniya ta ƙi tsayawa a cikin shingen ƙarfen da muke kora su. Sau uku ina matsowa da allura tana tumami. Mai garken, wani dattijo da ake kira Arɗo Bello, yana jingine da sandarsa yana kallona.

Ya ce, "Likita, ba allura ta ƙi ba. Kai ta ƙi."

Na ce, "Ni mi na yi mata?"

Ya ce, "Ka zo mata ba ka numfashi. Abin da ke riƙe numfashi kusa da saniya, kura ce in za ta yi tsalle. Saki iskar da ke cikinka tukuna, ka ga."

Na yi, don kada in kunyata tsoho gaban ƴaƴansa. Na fitar da iska a hankali, kafaɗuna suka sauka, na matsa, saniya ta tsaya. A mota, a hanyar komawa, na gaya wa abokan aikina cewa gajiya ta yi, shi ya sa. Ina da digiri, shi kuwa bai taɓa shiga aji ba, don haka na ajiye maganarsa a cikin labaran ban dariya na daji. Ya gaya mini gaskiya kyauta, na ɗauki shekara goma sha ɗaya kafin in karɓa.

Saboda haka ka riƙa duba jikinka kamar yadda makiyayi ke duba garkensa da safe. Wuri uku za ka duba: muƙamuƙi, kafaɗa, ciki. In ka tarar haƙoranka a datse, kafaɗa a ɗage, ciki a ƙulle kamar ana shirin naushinka, to ka riƙe numfashi ba ka sani ba. Kada ka yi ƙoƙarin shaƙar iska da yawa. Wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi. Fitarwa ake fara yi. Randar da ke cike ba a ƙara mata ruwa. In malami ya jefo maka tambaya a aji, ko wani ya gaya maka magana mai zafi, fitar da iska sau ɗaya a hankali kafin ka amsa. Babu wanda zai lura, kuma amsar da za ta fito ba irin ta farko ba ce.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A kwanakin ƙarshe na mahaifiyarka a gidan likita na Maraɗi, lokacin da zuciyarta ta gaza, ruwa ya taru mata a huhu, kai kana nan Dakoro wajen karatu da ƙanwarka Nana. Ni nake zaune gefen gadonta. Wata la'asar ta buɗe ido ta dube ni.

Ta ce, "Malam, nawa ka samu?"

Na ce, "Nawa mi?"

Ta ce, "Idonka na ga agogo, bakinka na motsi. Ni ba saniyar Arɗo ba ce."

Ta yi dariya, dariyar ta zame mata tari. Da ya lafa, ta ce tana son ta gaya mini wata magana a kan yaran nan. Ni kuwa ina da lambar a kaina, na san ta yi yawa, sai na ce, "Ki bari numfashin ya sauka, kada ki wahalar da kanki. Gobe ma rana ce." Ta dube ni jim, ta ce to. Numfashin bai sauka ba. Har yau ban san maganar ba.

Ban ƙidaya don ita ba. Likitoci suna nan, aikinsu ne. Na ƙidaya ne don muddin ina ƙidaya ni ma'aikaci ne a bakin aiki, ba miji ba ne da matarsa ke tafiya. Na faɗi wannan tun kafin in koya maka ƙidayar numfashi, domin ka san iyakarta. Ƙidayar taka ce, ta lokacin da kake kai kaɗai, don ka dawo cikin hankalinka. Ba katanga ba ce da za ka laɓe bayanta. In mutum yana gabanka yana son magana, ajiye agogo ka saurare shi, ko da maganar za ta yi maka nauyi.

Ka san na faɗi a kasuwar dabbobi wata huɗu bayan rasuwar. Na ce muku rana ce ta buge ni. Ba rana ba ce. Ina duba bakin wani sa, ƙasa ta karkace, na tsinci kaina zaune a cikin kashin shanu, dillalai na yi mini fifita da hula. Tafiye-tafiyen da na riƙa yi Maraɗi bayan haka, waɗanda na ce muku na aiki ne, na ganin likita ne. Ya ce tansiyo, wato jinina, ta hau ƙwarai, ya rubuta mini magani, sannan ya tura ni wurin wani mai gyaran gaɓoɓi, irin waɗanda ake ce wa kine, saboda wuyana da ya sandare har ba na iya waiwaye. Saurayi ne, bai wuce shekara talatin ba. Ya ɗora hannu a cikina ya ce in shaƙi iska. Hannun bai motsa ba. Ya ce, "Baba, da kafaɗa kuke numfashi." Ya koya mini zaman numfashi da wasu miƙe-miƙen jiki, ya ce sunan abin yoga, asalinsa daga Indiya, in riƙa yi kowace safiya.

Ga abin da na yi. Na dawo gida, na buɗe na'ura mai ƙwaƙwalwa, na yi mako biyu ina karatu a kai. Na karanta yadda jinkirta fitar da iska ke sassauta bugun zuciya. Wannan ma na san shi tun a makaranta, jijiyar da ke aikin ɗaya ce a mutum da dabba. Na cika rabin kaye, littafin rubutu, da bayanai. Da na koma, na zauna ina yi wa kine bayanin abin da ya koya mini, har da sunayen jijiyoyi da Faransanci. Ya bari na gama.

Ya ce, "Baba, kun karanta. Sau nawa kuka yi?"

Ban yi ko sau ɗaya ba.

Wannan cutar masu ilimi ce, kuma kana hanyar zama ɗaya daga cikinsu, shi ya sa nake gargaɗinka. Mukan ɗauka in mun fahimci abu mun yi shi. Jiki bai san da wannan ba. Wanda ya san sunan kowace rijiya daga nan zuwa Roumbou, in bai ja guga ba da ƙishirwa zai kwana.

Ga yadda ake yi, a taƙaice, kuma ya ishe ka. Bayan sallar Asuba, kafin ka taɓa tarho, kafin ka ci komai, shimfiɗa tabarma. Zauna, baya a miƙe ba a sandare ba, hannu ɗaya a kan ciki. Shaƙa ta hanci kana ƙidaya huɗu, cikin ya turo hannun. Fitar ta hanci kana ƙidaya shida. Yi haka sau goma. Hankalinka zai gudu, zai tafi jarrabawa, zai tafi gida. In ka lura ya tafi, dawo da shi ba tare da faɗa ba, kamar yadda ake juyo da maraƙi. Gudun ba gazawa ba ne, dawowar ita ce aikin. Daga nan durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, gantsare baya in kana shaƙa, ƙudundune shi sama in kana fitarwa. Sai ka zauna a kan dugaduganka, ka miƙa hannuwa gaba, ka kai goshi ƙasa, ka bar bayan ya buɗe. Sai ka miƙe tsaye, ka ɗaga hannuwa sama, ka sunkuya a hankali har inda jiki ya yarda, ba inda girman kai ya so ba. A ƙarshe kwanta rigingine, kada ka yi komai, minti biyu. Duka bai wuce kwatan awa ba. In ka ji jiri, tsaya ka koma numfashinka na kullum. In kuma ciwon ƙirji ya zo da ƙarfi, ko ya sauka hannu, ko ya zo da zazzaɓi, wannan ba na tabarma ba ne, tafi wurin likita a ranar. Ni ma ban bar shan maganin tansiyo ba.

Da na fara yi da gaske, cikin mako uku wuyana ya saki, barci ya dawo. Sai na daina. Na ce na warke, abin ya gama aikinsa. In ciwon ya dawo na san inda maganin yake. Ya dawo kuwa, wata safiya a buro, wurin aikinmu, ana gardama kan rabon motocin fita daji. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na zauna zan ƙidaya, numfashin ya ƙi bin umarnina ko kaɗan. Abin kunya ne a ce ni na yi wannan kuskure, ni da na ƙare rayuwata ina roƙon makiyaya su kawo shanu a yi musu rigakafi tun suna lafiya, ina ce musu ranar da cuta ta shiga garke allura ta makara. Wannan ma rigakafi ne. Ranar da kake jin daɗi, ranar da kake ganin ba ka bukata, ita ce ranar da ake yin sa. In lokaci ya ƙure maka, yi minti biyar. Biyar kullum ta fi awa guda ranar Lahadi.

Akwai wani abin da za ka gamu da shi a ɗakin kwanan ɗalibai, inda ba a ɓoye komai. Ni a bayan ɗakina nake yi, gefen turken awaki, don kada ku gan ni. Kuma don rashin tunani, a kan dardumar salla nake yi, ita ce a kusa. Wata safiya maƙwabcinmu Alhaji Idi ya hau rufin shagon hatsinsa yana duba inda ke yoyo kafin damina, ya hango ni goshi a ƙasa, na fuskanci arewa.

Ya ce, "Likita, lahiya? Alƙibla ta tashi ne ba a sanar da mu ba?"

Kafin azahar majalisar ƙofar gidansa ta raɗa mini suna Limamin Arewa. In na zo wucewa sai wani ya ce, "Allah gafarta Malam, raka'a nawa ce taku?" Na yi murmushi irin wanda ka sani, na wuce, na kuma daina yi har mako uku. Mutum mai shekara hamsin da shida ya bar abin da ke riƙe da lafiyarsa don dariyar masu shan shayi. Da ciwon wuyan ya dawo, na je wurin limamin unguwa na gaya masa komai, har da cewa a can inda abin ya fito akwai masu haɗa shi da addininsu. Ya tambaye ni ko ina kiran sunan wani abu. Na ce a'a. Ya tambaye ni ko da niyyar ibada nake yi. Na ce a'a, motsi ne da numfashi. Ya ce, "To motsa jiki ne. Amma ka raba shi da darduma, kada ka rikita mutane, kada ka rikita kanka." Laifin nawa ne, ba na Alhaji Idi ba; abin da ya gani shi ya faɗa. Na sayi tabarma daban a kasuwa. Bayan wata guda shi da kansa ya tare ni a zaure, ya rage murya ya ce, "Wanga abu naka, yana maganin ciwon ƙugu?"

Don haka ka ware masa tabarmarsa da lokacinsa. Salla salla ce, ba ta da abokin tarayya, kuma wannan ba ya maye gurbinta. In abokan ɗakinka sun yi dariya, yi tare da su, ka ce gyaran baya ne, ka ci gaba. Kada ka ɓoye kamar mai laifi, kada kuma ka zama mai wa'azin abin. Dariya ba ta wuce mako biyu in ba ta samu wanda take ƙonawa ba.

Ba zan ce maka yana cire baƙin ciki ba. Bai cire nawa ba. Abin da ya yi shi ne ya sassauta ɗaurin da na yi wa baƙin cikin. Wata safiya, ina kwance rigingine a ƙarshe, na fitar da iska, sai ta fito da wani sauti da ban shirya ba. Na yi kuka a kan tabarmar nan kamar minti goma, awaki na kallona. Sannan na tashi na yi wanka na tafi aiki. Ban mutu ba, ban zauce ba, babu abin da ya ragu a mutuncina. Ranar ce farkon ranar da na ji iska ta kai ƙasan cikina tun rasuwar.

A kan tabarmar ne kuma na tuna abin da ya sa na rubuta wannan takarda, wanda na daɗe ina kewayewa.

Ranar jana'iza, da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a ƙofar gida karɓar gaisuwa, kana gefena na dama. Mutane na zuwa layi layi, ma'aikata, ƴan kasuwa, makiyaya da suka yi tafiyar yini. Da ƙanin mahaifiyarka ya durƙusa gabanmu, na ji kafaɗarka ta fara rawa, na ji kukan na tahowa. Na kama wuyan hannunka a ƙarƙashin riga, na matse, na ce maka a kunne, "Haɗiye. Mutane na kallo." Ka haɗiye. Na ji lokacin da ka yi, don numfashinka ya tsaya a hannuna. Ka zauna kwana uku kana amsa "sai haƙuri" da murya daidai, dattawa suna cewa yaron nan ɗan ubansa ne, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Addini bai hana hawaye ba. Kururuwa da yage tufafi ya hana. Na san haka a ranar. Ba don Allah na hana ka ba, ba kuma don kai ba. Na hana ka ne don na san in ka fara, ni ma zan fara, gaban mutanen da suka saba ganina a tsaye. Shekararka goma sha takwas, uwarka aka binne da safen ranar, na ɗora maka nauyin tsare mini fuska. Kai kuwa yaro ne mai biyayya. Ban taɓa ba ka umarni ka karya ba, kuma wannan ma ba ka karya shi ba har yau. Abin da kake dannawa a ƙasan wuyanka, wanda hoton lokotoro bai nuna ba, ni na sa shi a wurin.

Na janye umarnin. Na rubuta shi da hannuna don ka riƙe shaida. Kuskure ne, kuma ina neman ka yafe mini.

Ban ce ka yi kuka don ka faranta mini ba. Ba a yin sa da umarni, kamar yadda bai kamata a hana shi da umarni ba. Ka dai shimfiɗa tabarma kowace safiya, ka fitar da iska, ka bar abin da zai biyo ta ya biyo. Yana iya zuwa a makon farko, yana iya kai wata shida. In ya zo, kada ka tare shi. In kuma ya zo ka ji kana son murya daga gida, kira ni, ko ina cikin taro, ko ina daji. In ka kira ka kasa magana, kada ka kashe tarhon. Zan riƙe, zan jira, kuma ba zan ce maka ka yi haƙuri ba.

Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya buɗe maka ƙirji, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya dawo mana da kai lafiya. Nana tana gaishe ka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka